Hawan Dutse Darasin Kimiyya Ne, In An Yi Masa Shiri

A makarantun sakandare na unguwar Kinkinau, kamar sauran makarantun Kaduna, malamin labarin ƙasa kan zana layuka masu kewaye juna a kan allo, ya ce wa ɗalibai ga yadda dutse yake a taswira. Ɗalibai su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin yadda matsattsun layukan nan ke komawa haki da ciwon cinya. A ganina lokaci ya yi da ƙungiyoyin kimiyya na makarantunmu za su ɗauki tafiyar ƙafa ta kwanaki cikin duwatsu a matsayin darasi, domin gani ya kori ji. Shirin tafiyar kuwa shi ne rabin karatun.

Bari mu ɗauki misali mafi wuya. Dutsen Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, shi ne mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 sama da teku. Yana Jihar Taraba kusa da iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, mai hedkwata a Serti. Duk wanda zai zagaya irin wannan wuri, ya hau ta wata hanya ya sauko ta wata, dole ya amsa tambayoyi huɗu tun yana gida.

Ta farko, awa nawa kowane zango zai ci? A 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya ba da ƙa'ida mai sauƙi: a ware awa guda ga kowane kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowane hawa na mita 600. Ke nan zangon kilomita 15 mai hawan mita 900 zai ci awa huɗu da rabi. Wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne. Ga ɗalibai masu kaya a baya, sai a ƙara rabin hakan, ya kusa awa bakwai.

Ta biyu, sanyi. Zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6.5 a kowane hawa na mita 1,000. Kaduna tana wajen mita 600 sama da teku, saboda haka ƙololuwar Gangirwal za ta fi Kinkinau sanyi da kusan digiri 12. Wanda ya tafi da 'yar shara zai kwana yana makyarkyata. A can sama kuma ruwa kan tafasa a wajen digiri 92 saboda raguwar nauyin iska, don haka wake zai daɗe bai nuna ba, ya cinye makamashi. Guzurin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino ya fi dacewa.

Ta uku, ruwa da nauyi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, kuma bai kamata kayan matafiyi su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa ba. Babu mai iya goya ruwan kwana huɗu. Sai a tsara zanguna kusa da rafuka, a tafasa ruwan kafin a sha.

Ta huɗu, lokaci da mafita. Da damina koguna kan cika su datse hanya, don haka rani ne lokacin tafiya. Kowane zango kuma a san ta inda za a sauko da wanda ya ji rauni, a bar wa mutanen gida takardar hanya da ranar dawowa.

Na san iyaye za su ce ina tsaro? Gaskiyarsu ne. Sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024 bai bar zukatanmu ba, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Babu malamin da ya kamata ya shiga daji da 'ya'yan mutane ba tare da izinin iyaye da hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun daji ba. Inda aka ce babu lafiya, a haƙura.

Sai dai wannan bai hana a fara da ƙarami ba. Dutsen Kufena na Zariya tafiyar yini guda ce, ta ishi ɗalibi ya koyi riƙon taswira da kamfas. Daga nan sai duwatsun Shere na Jos, masu kaiwa mita 1,829, inda Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci take da makarantar hawan dutse. Ko ajin da bai fita ko'ina ba zai ƙaru idan malami ya shimfiɗa taswira ya ce ɗalibai su lissafa zanguna da guzuri da sanyin dare da kansu.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da na labarin ƙasa su haɗa kai, su sa wannan cikin tsarin zangon karatu mai zuwa. Allah Ya sa mu dace.