Rumfar soso da ƙusar da ta shiga ƙafar ɗana

Tun da na yi maganar shuka ganyen miya a tsakar gida, 'yan uwa da dama suka ce gidajensu na haya ne, siminti ko'ina, babu fili. Ni ma gidan da muke ciki a Gyaɗi-Gyaɗi haka yake. Abin da na yi shi ne na bar shuka ta hau sama, na kafa mata rumfa mai lanƙwasa a kan hanyar da ke tsakanin ƙofar ɗaki da madafa. Sai dai sau biyu na kafa ta, kuma ta farkon ce ta sa nake wannan rubutu.

Wani kafinta na kira, na ce ya yi min mai sauƙin kuɗi. Ya kawo siraran katako, ya dasa ƙafafun a ƙasa bai fi tsawon hannu ba, ya buga ƙusoshi ya tafi. Soso ya hau, ya yi kyau, har maƙwabta na leƙowa. A watan Agusta aka yi ruwa da iska cikin dare, ina wurin aiki. Da safe na dawo na tarar rumfar a kwance, gara ta riga ta cinye gindin, ɗana ɗan shekara huɗu kuma ya taka ƙusa yana ɗingishi. Mai aikina ta shafa masa man zafi ta ɗaure da tsumma.

A nan zan ɗan tsaya, don aikina ne. Mutane na cewa tsatsa ce ke kawo ciwon tsinkau-tsinkau. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, ƙusa kuwa ita ke tura ta can cikin nama inda iska ba ta kaiwa, inda ta fi jin daɗin yaɗuwa. Sabuwar ƙusa fil ma za ta iya. Idan yaro ya taka, a wanke da ruwa mai gudu da sabulu sosai, kada a sa toka ko man zafi ko kananzir, a ɗauki katin rigakafinsa a tafi asibiti a ranar. Allurar Penta da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariya daga wannan ciwo, shi ya sa ma'aikacin lafiya zai fara tambayar katin. Na ɗana ya cika, alhamdulillahi, amma ban yi barci mai kyau ba a satin nan.

Da rani ya zo na sake lale. Na je 'Yan Katako da ke Na'ibawa da kaina, na zaɓi katako mai kauri guda huɗu, kowanne ƙafa 9. Ƙafa 2 ta shiga rami, 7 ta rage a sama, yadda maigida zai wuce ba ya sunkuyawa. Faɗin hanyar ƙafa 4. Kafin a dasa an babbake gindin kowanne da wuta har ya yi baƙi, aka zuba tsakuwa a ƙasan ramin, sannan siminti. Kafintoci sun fi son shafa baƙin mai don gara. Ni ban yarda ba, domin a wurin zan shuka abin da za mu ci, kuma yara na wasa da ƙasar. Wadda ta samu azara ta fi ni sa'a, gara ba ta cika iya mata ba. Da ita magina na da suke ɗaura bakan gizo, irin wanda za ki gani a rufin Gidan Makama.

Katako ba ya lanƙwasuwa, don haka saman da gora aka yi. An tsaga ta ɗanya, aka lanƙwasa daga wannan ƙafa zuwa waccan, aka gicciya wasu a kai. Na ce a haɗa katakon da noti, gorar kuma a ɗaure da igiya. Duk inda dole sai ƙusa, a lanƙwasa bakinta ya koma cikin itace. Da kafintan ya gama na kama ƙafa ɗaya na jijjiga da ƙarfina, don na san ko ban yarda ba yara sai sun yi lilo a jiki.

Abin shukawa kuwa, soso ya fi kowa rashin fitina, ga inuwa ga abin wanka da wanke-wanke idan ya bushe. Wake mai yaɗo da kokwamba ma suna hawa. Ugu na buƙatar ruwa sosai a zafin Kano, amma idan kina da rijiya ko famfo mai zuwa, ki gwada, ganyensa na da amfani ga mai ciki, ko da yake ba ya maye gurbin maganin ƙarin jinin da ake bayarwa a wurin awo. Kabewa ce ban ba da shawara ba. Nauyi gare ta, kuma ba na son tunanin ta tsinko a kan jariri. Mai gidan haya za ta iya shuka a buhun siminti ko tsohon bokiti da aka huda ƙasansa, ƙafafun rumfar kuma a dasa su cikin manyan gwangwanaye da siminti, ranar tashi a tafi da abinki.

Wata ƙawata a Tarauni ta ce ita tsoron sauro da maciji ne ya hana ta. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, ganye wurin hutawarsa ne kawai da rana. Ki riƙa rage ganyen ƙasa har zuwa gwiwa, ki share ƙarƙashin kullum, kada ki tara itace ko tarkace a gindin, kuma kada ki bar ruwa a farantin da ke ƙarƙashin bokiti. Gidan sauro dai yana nan daram, da rumfa ko babu.

Wadda ke son inuwa a daminar bana, a gama aikin katako a watan Mayu, siminti ya bushe, a zuba iri da ruwan farko na Yuni. Duk ƙarshen damina kuma ki tona gindin ƙafafun kaɗan ki soka wuƙa. Idan ta shige da sauƙi, ki canza katakon kafin ki sake shuka.