Kafin A Naɗa Rawani, A Tambayi Mutanen Ƙasa

Ya ku malamai da fatake, ga magana a kan naɗin shugaba.

Sa'ad da Sayyidina Umaru ya yi wafati a shekara ta 23 bayan Hijira, ya bar al'amarin halifanci a hannun mutum 6. Abdurrahmani ɗan Aufu ya fid da kansa daga nema, sa'an nan ya yi kwana 3 yana kewaya Madina, yana tambayar manya da ƙanana, har da mata a ɗakunansu. Da ya ga zukata sun karkata ga Usmanu, sai ya yi masa mubaya'a. Ba a jefa ƙuri'a ba. Shawara aka nema, hukunci kuwa ya tsaya a hannun masu zaɓe.

A shekara ta 2020 Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu. Aka yi kwana 17 jama'a na zaman jita-jita, kafin Gwamna ya naɗa Ahmadu Nuhu Bamalli, daga baya kuma magana ta kai gaban alƙali. Talaka bai san abin da aka auna ba, sai abin da ya ji a bakin kasuwa.

Ƙasar Birnin Gwari ta fi ko'ina bukatar wannan darasi. 'Yan fashin dajin Kamuku sun tsare hanyar Kaduna shekara da shekaru, sai a 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu. Sulhu ɗanye ne. Hakimi ko dagacin da manomi bai amince masa ba, ardo kuma bai yarda da shi ba, ba zai iya riƙe shi ba. Limami ya san wanda ke tsare salla, falke ya san mai biyan bashi, makiyayi ya san wanda ya taɓa cin haƙƙinsa. Takardar neman sarauta ba ta faɗin waɗannan.

Wani zai ce wannan ƙofar annamimanci ce. Maganinsa shi ne abin da Abdurrahmani ya yi: a aiki amintacce wanda ba ya so wa kansa, ya tambayi kowa shi kaɗai, daga Kuyello har Randagi, kada kuma ya karɓi suka sai da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Allah ya ba ƙasa shugabanni masu adalci, amin.