Matsayi A Wasan Tanis Ba Rawanin Gado Ba Ne

A watan Janairu ba a saba jin labarin tanis a zangon Agege ko Sabon Ibadan ba, amma abin da ya faru a gasar Ostireliya ta 2024 ya isa a tsaya a duba. Rohan Bopanna, mutumin Indiya mai shekara 43, ya shiga gasar maza ta bi-biyu yana ƙasa da Austin Krajicek na Amurka, ya fito shi ne na ɗaya a duniya. Kaiwa wasan kusa da na ƙarshe kaɗai ta ba shi matsayin, kafin ma ya ci kofin tare da Matthew Ebden.

Dalili kuwa shi ne yadda ƙungiyar ATP ke lissafi, wadda ta fara jera 'yan bi-biyu a 1976. Kowane maki mako 52 yake yi, sa'an nan ya zube. Wanda ya ci babbar gasa yana samun maki 2,000, wanda aka kayar a wasan ƙarshe 1,200. Saboda haka zakaran bara, in aka fitar da shi da wuri bana, sai ya gangaro, na bayansa ya haye. Har ma Bopanna da Ebden makinsu ɗaya ne, aka ɗora Bopanna a sama don ya tara nasa a gasa kaɗan.

Nijeriya ta taɓa hawa wannan tsani. Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Ikko, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, kuma a 1984 ya zama na 20 a duniya a bi-biyu. Sadiq Abdullahi ya wakilci ƙasa a wasannin Olamfik na 1988. Makinsu ya daɗe da zubewa, kuma sunan da suka bari ba zai ƙara wa kowa maki ko ɗaya ba.

To, ina yaron Nguru ko na Gashuwa a wannan lissafi? Komai ƙarfin damtsensa, ba mai rubuta sunansa sai ya shiga gasar da ake ba da maki, kuma ba zai kai can ba sai ya fara a gida, ya gwada kansa a irin gasar Dala ta Kano. Wasan bi-biyu ya fi sauƙin farawa, gama fili guda yara huɗu yake ɗauka.

Ya kamata Gwamnatin Jihar Yobe da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa su sa gasar makarantu kowace shekara ba fashi. Su kuma 'yan Arewa mazauna Kurmi, da ƙungiyoyinsu masu aika taimako gida, su tuna da raga da ƙwallo a cikin saƙon bana. Shekarar da aka yi fashi, makin da aka tara ita ke cinye shi.