Zaɓen Fagge Da Ƙuri'ar Sabon Gari

Ran 15 ga watan Afrilu, 2023, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta ƙarasa zaɓen ɗan Majalisar Wakilai na mazaɓar Fagge, wanda ta ce bai kammalu ba a zaɓen 25 ga Fabrairu. Barista Muhammad Bello Shehu, a tutar NNPP, shi ya yi nasara da ƙuri'a sama da 19,000. Wannan bai ba kowa mamaki ba, gama a shekarar nan guguwar Kwankwasiyya ta share yawancin mazaɓun Kano.

Abin mamakin yana ga wanda ya bi masa. Shu'aibu Abubakar na jam'iyyar Leba, wadda ba a san ta da wani ƙarfi a Kano ba, ya sami sama da 12,000, ya bar Alhaji Aminu Sulaiman Goro na APC a matsayi na uku, mutumin da ya riƙe kujerar tun 2011.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙarfin Leba a Fagge yana Sabon Gari, wadda ke da mazaɓu biyu cikin goma na ƙaramar hukumar. Wasu za su ce farin jinin Peter Obi ne kurum, kuma lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma ai ƙuri'ar ba daga sama ta faɗo ba. Mutane ne masu rajista, masu biyan haraji, waɗanda kakannin wasunsu suka zauna a unguwar tun da Turawa suka kafa ta wajen 1913. Wanda aka binne kakansa a Kano, da wuya a ci gaba da kiransa baƙo.

'Yan siyasa sun daɗe suna ɗaukar Sabon Gari wurin karɓar kuɗin shiga, sai zaɓe ya ƙarato a tuna da ita. Kasuwarta, wadda ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ta sha gobara mai tsanani a Maris 2016, kuma Hausawa da Ibo da Yarabawa tare suka yi asarar.

Saboda haka wajibi ne duk mai neman kujerar Fagge, ko daga wace jam'iyya ya fito, ya je Sabon Gari tun kafin lokacin yaƙin neman zaɓe, ya faɗa wa jama'arta abin da zai yi game da titunan da suka farfashe, da magudanan ruwa da ke toshewa kowace damina, da kayan kashe gobara a kasuwa.