Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Asibitocin Koyarwa Na Arewa Da Hukumar NNRA



Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami za a ga ƙarama ce in an ajiye ta kusa da cutar daji ko shanyewar ɓarin jiki. Ita ce zubewar gashin kai bayan an yi wa majinyaci hoton siti-sikan, ko an haska masa kai domin ƙona ƙari. Roƙona shi ne asibitocinku su riƙa bibiyar wannan zubewa suna rubuta ta, domin wani lokaci ita ce shaidar farko cewa na'ura ta wuce ƙima.

A asibitin Cedars-Sinai da ke Los Anjeles a Amurka, daga Fabrairun 2008 zuwa Agustan 2009, an yi wa majinyata 206 hoton siti-sikan na duba gudanar jini a ƙwaƙwalwa, wanda ake yi in ana zargin shanyewar ɓarin jiki. Ma'aikata sun sauya saitin na'urar, sai hasken da take fitarwa ya ninka har sau 8. Ana auna wannan haske da ma'aunin gire: maimakon kamar rabin gire, mutane suka sha 3 zuwa 4. Wata 18 ana haka, adadin yana fitowa a allon na'urar, ba wanda ya lura. Asirin bai tonu ba sai da wani majinyaci ya kai kuka cewa gashinsa na zubewa. Da aka bi sawu, kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen gashinsu ya zube, wasu a zagaye da kai kamar sawun rawani. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta yi gargaɗi a Oktoban 2009, daga baya ta gano aƙalla mutum 385 a asibitoci 6 na jihohin Kalifoniya da Alabama.

Babban asibiti ke nan a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, da a nan abin ya faru, wa zai dawo ya faɗa? Gashi ba ya zubewa ranar da aka yi hoton, sai bayan mako 2 zuwa 3. Kafin nan wanda aka duba a asibitin Shika ko na Sakkwato ya koma ƙauyensu, kuɗin motar dawowa ma aiki ne. Mace kanta na cikin ɗankwali da hijabi, likita namiji ba zai ce ta buɗe ba in ba dalili. Namiji kuwa ya je wurin wanzami ya yi ƙwal, ya ɗora hula. Mai kitso ce za ta fara gani, ta ce makero ne. In ya ƙi jin magani sai a ce jifa ne ko sammu, a fara kallon kishiya ko maƙwabciya da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ana ta shafe-shafen magunguna a fatar da haske ya riga ya raunana, na'urar kuwa tana can tana ɗaukar na gaba.

Kada a fahimce ni baibai har mutane su guji hoto. Siti-sikan na kai na yau da kullum da aka yi daidai bai kai kashi 1 cikin 10 na gire ba, ba ya zubar da gashi, kuma ya ceci rayuka da yawa. Sai haske ya kai wajen gire 3 a lokaci guda gashi ke zubewa ya sake tsirowa. Daga wajen 7 yana iya tafiya ke nan. Don haka duk wanda gashinsa ya zube bayan hoto, a binciki na'urar.

Ƙona ƙarin ƙwaƙwalwa da haske daban ne. Nan likita ya san gashi zai zube a inda hasken ya shiga da inda ya fita, ba duk jiki ba kamar yadda wasu alluran daji ke yi. Galibi yana dawowa cikin wata 3 zuwa 6, amma in hasken ya yi yawa wurin kan zauna fili. Haƙƙin majinyaciya ne ta ji wannan da Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, tun kafin ta kwanta a na'ura, kuma a gaban mijinta ko wanda ya rako ta. Sa hannu a takardar Turanci da ba ta iya karantawa ba amincewa ba ce.

Shugabannin asibiti, abin da ake nema a wurinku ba mai yawa ba ne. A rubuta adadin hasken da kowa ya sha a katinsa. Duk wanda aka yi wa doguwar haskawa a kai, ma'aikaciyar jinya ta kira shi a waya bayan mako 3 ko 4 ta tambayi lafiyar gashi da fata, mace ta tambayi mace. Kada kowa ya taɓa saitin na'ura sai da sa hannun masanin awon haske, a kuma sake auna ta duk lokacin da injiniya ya yi mata gyara. Ku ɗauki waɗannan masana aiki, ku riƙe su da albashin kirki.

Ku kuma na NNRA, dokar 1995 ce ta ɗora muku kula da waɗannan na'urori, kun kuma fara aiki tun 2001. Cibiyoyin ɗaukar hoto masu zaman kansu sun yawaita a Kano da Kaduna da sauran birane, wasu da na'urorin da aka gama amfani da su a waje. Ku sa ya zama sharaɗin lasisi cewa duk zubewar gashi ko ƙunar fata bayan hoto a kawo muku rahoto cikin kwanaki, ku riƙa bayyana wa jama'a abin da kuka samu kowace shekara. Ku ba da lambar waya da majinyaci zai kira kai tsaye ba sai ta hannun asibitin da ya yi masa hoton ba, a liƙa ta a ƙofar kowane ɗakin hoto, a kuma sanar da ita a gidajen rediyo.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.