Gazawar zuciya: Sauke kumburin ƙafa kaɗai bai isa ba

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon gazawar zuciya ya san yadda abin yake tafiya. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa, barci sai an jingina da matashi uku. A kai asibiti, a yi allurar Lasix, majiyyaci ya yi ta fitsari, kumburi ya sauka, a sallame shi. Bayan wata biyu a sake dawowa. Haka muka yi ta fama da goggona har sai da masu gadin asibitin suka gane fuskokinmu.

Ba na ganin laifin Lasix, domin yana ceton rai idan ruwa ya cika huhu. Sai dai ruwa yake cirewa, ba ya taɓa abin da ya sa zuciyar ta kasa.

Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma makamashin da take ajiyewa ba ya wuce na 'yan daƙiƙoƙi, don haka dole ta riƙa samar da sabo a kowane lokaci. Lafiyayyar zuciya daga ƙona kitse take samun mafi yawan ƙarfinta, sauran daga suga, tana sauyawa yadda buƙata ta kama, kamar motar da aka sa wa gas ba tare da an cire tankin fetur ba. Wasu ƙananan injina ne a cikin ƙwayoyin tsokarta, waɗanda ake kira mitokondiriya, suke wannan aikin. Idan hawan jini ya daɗe yana wahalar da ita, kuma shi ne babban sanadin wannan ciwo a Najeriya, injinan sukan raunana. Sai zuciyar ta rage iya ƙona kitse, ta koma lalube a suga da wani mai da hanta ke samarwa mai suna kiton, duk da haka abin ba ya isar ta.

A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin DAPA-HF a kan mutum 4,744, inda maganin dapagliflozin ya rage haɗarin tsanantar ciwon ko mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 26 cikin 100, har ga waɗanda ba su da ciwon suga. Ɗan uwansa empagliflozin ya nuna makamancin haka a 2020 da 2021. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne, magungunan suna ƙara wa zuciya kiton ɗin da take iya ƙonawa. Amma da yake an fara sanin su a matsayin maganin suga, sai ka ji majiyyaci yana cewa likita ya yi kuskure, shi ba shi da suga, ya ajiye ƙwayar.

Abin da ya fi damu na shi ne batun sinadarin ƙarfe, wanda injinan nan ba sa aiki sai da shi. Mutum zai iya rasa shi ko da gwaji ya nuna jininsa bai yi ƙasa ba. Mu kuwa da mun ga mara lafiya ya galabaita sai mu nufi kemis mu sayo maganin ƙarin jini. Gwajin IRONOUT na 2017 ya nuna ƙarfen da ake haɗiya bai ƙara wa masu wannan ciwo ƙarfin motsa jiki ba. Wanda ake sa wa ta jijiya shi ne aka ga yana sauƙaƙa wahala da rage komawa gadon asibiti, shi ma sai bayan an yi gwajin feritin.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya sayi dapagliflozin da kansa. Ba a bai wa mai ciki ko mai shayarwa, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun gazawar zuciya ta bayan haihuwa a duniya. Ana kuma duba ƙoda kafin a fara.

Buƙatata ga hukumar inshorar lafiya ta NHIA da takwarorinta na jihohi ita ce su ɗauki nauyin waɗannan magunguna da gwajin feritin ga masu gazawar zuciya, domin kuɗinsu na wata-wata ne ke korar talaka. Mai jinya kuma, ranar sallama ya tambayi likita: an duba ƙarfen jikinsa, kuma ko ya dace da irin wannan maganin?