Tsadar fetur: Yadda ƙura ke ƙara wa masu babur asara a Kano

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin masu babur ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024.

A Kano, duk da an haramta acaɓa tun watan Janairun 2013, babur bai bar titi ba. A Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni, shi ne ƙafar malamin makaranta da ɗan kasuwa da mai kai yara makaranta. Kowa na kukan farashin lita, amma ba kowa ke lura da man da ke salwanta a cikin injinsa ba.

Inji ba fetur kaɗai yake sha ba. Kafin ya ƙona lita ɗaya, sai ya zuƙi iska kusan lita 9,000, kuma dukkanta ta cikin matatar iska take bi, wato soso ko takardar da ke tare ƙura kafin ta isa kafireta.

A nan hunturu ke shigowa. Daga Nuwamba zuwa Maris, iska na kwaso ƙura daga Sahara, musamman yankin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma ta lungunan da ba kwalta. Idan matatar ta toshe, iska ta ragu, sai fetur ya yi wa injin yawa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: babur ya rasa ƙarfi, fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, mai kuma ya ƙare da wuri.

Wasu kan cire matatar gaba ɗaya don babur ya ja. Wannan gudun gara ne a faɗa wa zago. Ƙurar da ta shiga inji kai tsaye tana cin ringi da fistin kamar yashi, ta kuma gurɓata baƙin mai. Ƙarshenta sai an sauke inji, a lokacin da faɗuwar darajar naira ta ninka kuɗin kayan gyaran da ake shigowa da su daga Indiya da Cana.

Maganin kuwa ba shi da tsada. Matatar soso ana wanke ta da kananzir, a shanya, a ɗan shafa mata baƙin mai. Ta takarda ba a wanke ta, sauyawa ake yi. A lokacin ƙura, gara a riƙa duba ta a duk sanda aka je juye.

Farashin lita ba ya hannun mai babur. Amma nisan da litar za ta kai shi, yana da ta cewa a kai.